Jan Zaren Ustaz Harisu

Ummuhani ba ta iya karatu ba, amma ta san takardar da ke cizo. Da jikarta Ma'u ta dawo daga makaranta da wata mai zanen duniya, sai ta ajiye tsintar dawa ta ce a karanta mata.

"Inna, Ustaz Harisu ne ya ce kowa ya tambayo inda kakanninsa suka taso. Za mu ja zare a taswira, mu ga duk 'yan Adam matafiya ne, babu wanda ya fi wani."

"Matafiya? To, sannunsa da aiki."

Wata guda ke nan da aka kai takardun Ma'u birnin Gadarif neman jinsiyya, shaidar zama 'yar ƙasa, wadda in babu ita karatun yarinyar ya tsaya. Can ma wannan tambayar ake yi. Ummuhani ta san mutumin da ya ce "Kano" da bakinsa, takardunsa suka shekara goma a ofis. Ita kuwa mahaifinta da ƙafa ya taso daga Katsina zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Rahad, ya zauna a ƙasar nan. Yanzu sabon malami, baƙo daga garin Fau, shi ne zai zo yana tambayar asali? Ruwa ba ya tsami banza.

"Rubuta Mafaza."

"Inna, ai ba gaskiya ba ne."

"A nan Mafaza aka binne shi. Rubuta."

Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. Washegari ta yafa mayafi, ta isa makarantar, ta tarar yara sun fita karin kumallo. Ustaz na zaune shi kaɗai, siririn mutum, takardu arba'in a gabansa.

"Wa ya aiko ka?" ta tambaye shi da Larabci.

Da Hausa ya amsa. "Babu kowa, Hajiya. Darasi ne daga littafi. Duba, gida arba'in, kowa ya ce Mafaza."

Ta dubi bango. Taswira ce babba, zare ɗaya tak a jikinta, ja, an kafe shi da allura daga yamma can nesa har zuwa nan.

"Wannan fa?"

"Nawa ne. Daga Haɗeja. Na ce in na fara, yara za su daina jin kunya."

Ta daɗe tana kallonsa. Ashe ba ɗan leƙen asiri ba ne, wauta ce kawai irin ta masu karatu. Tausayinsa ya kama ta har ta ji haushi.

"Kai ka samu taka jinsiyyar?"

Ya sunkuyar da kai. "Ana kan dubawa."

Ummuhani ta miƙa hannu ta zare allurar, ta naɗe zaren a yatsa, ta ƙulle a bakin mayafinta.

"Ranar da ta fito, ɗana, ka zo ka karɓa. In kawo maka nawa, ya fi naka tsawo."