Sarƙa a Ƙofar Baya

Mutumin ya sake buga gilashin ƙofar baya, wannan karon da makullin motarsa. Wata yarinya na riƙe da gefen rigar sanyinsa, ruwa mai haɗe da ƙanƙara yana sauka a kan hularta. Smiljana ta ajiye tsumman da take goge tebur da shi, ta nuna masa sarƙar da ta naɗe hannun ƙofar, sannan ta yi masa alama da yatsa ya zagaya ta gaba. Bai motsa ba. Ya tsaya yana kallonta kamar ta ce ya taka zuwa birnin Belgrade a ƙafa.

Ita dai ba ta ga abin tsayawa ba. Ranar Laraba wani yaro ɗan shekara uku ya sulale ta wannan ƙofa, daga shi sai safa, aka tsince shi a wurin ajiye motoci a bayan wata mota da ta fara ja da baya. Ihun mai sayar da jarida ne ya sa direban ya taka birki. Tun ranar Smiljana ba ta yi barcin kirki ba. Washegari ta sayo sarƙa da kwaɗo, makullin kuma yana aljihun rigar aikinta.

Gidan wasan yaran nata ne. Ta buɗe shi bayan ta bar masana'antar sigari, a wani tsohon shagon kujeru da ke ƙasan bene a nan Nish. In ka tambaye ta abin da iyaye suke so a irin wannan wuri, kafin ka rufe baki ta ba ka amsa. Suna son tsabta, shi ya sa duk Litinin ake kwashe ƙwallayen roba daga raminsu a wanke. Suna son kowane ƙarfe a naɗe da soso, kada ɗan wani ya fasa goshi. Suna son kofi mai zafi da kujerar da za su zube a kai. Yanzu kuma ta ƙara musu ƙofa ɗaya tal, wadda ido ba ya barinta. Smiljana mace ce da in ta gama tunani a kan abu, to an gama.

Lahadi ba ranarta ba ce. Takan tafi ƙauye wurin tsohuwarta, Radmila ke riƙe wurin, ƙawarta tun suna 'yan mata a masana'anta. Yau ta zo ne don Radmila ta ishe ta da waya cewa a cire sarƙar nan, da aka tambaye ta dalili kuma sai kame-kame.

Wata mata da ke zaune kusa da ƙofar gaba ta miƙe, ta zagayo ƙaton kejin raga da katifu da ya tokare tsakiyar ɗakin har rufi. Tana hango mutumin ta gilashi ta ja baya da sauri, fuskarta ta canza.

"Goggo Smilja, kulle ƙofar baya kika yi?"

Smiljana ta fara ba ta labarin yaron Laraba. Matar ba ta bari ta kai ga motar ba. Ta ce wancan da ke waje tsohon mijinta ne, yarinyar 'yarsu ce, daga Juma'a zuwa Lahadi tana wurinsa. Shi yake shigo da ita ta baya, ya cire mata takalma, ta shige keji, ya tafi. Ita kuma tana zaune a gaba, sai dai ta ga 'yarta ta sauko mata ta bututun zamiya. Rabon da su haɗa ido tun a kotu.

"Kin ɗauka don kofinki muke zuwa?" in ji matar. "Kofin nan naki ruwan wanke-wanke ya fi shi ƙarfi. A duk garin nan naki ne kaɗai mai ƙofa biyu."

Maganar kofin ma ta yi wa Smiljana zafi, amma ba ta samu lokacin jin zafin sosai ba, don mutumin ya gaji ya zagayo. Suka yi kiciɓis a wurin ajiye takalma. Da farko a hankali aka soma, a kan me ya sa gashin yarinyar ya jiƙe. Daga nan aka koma kan safar hannu da ta ɓace tun watan jiya, aka wuce kan uwarsa, aka wuce kan wata mata mai suna Vesna. Sauran iyaye duk suka duƙufa a kan wayoyinsu. Yarinyar na tsaye a tsakaninsu da takalmi ƙafa ɗaya, ba ta yi kuka ba, ta zuba wa injin alewa ido. Rashin kukan nan ne ya fi tayar wa Smiljana hankali.

Da suka fita, kowa ya kama gabansa, sai ta juya ga Radmila a bayan injin kofi ta tambaye ta ko su nawa ne irin waɗannan. Radmila ta ce ta duba ɗakin da kyau. Wancan mai jan wuyan riga, da waccan mai jariri, da tagwayen da ke tsalle, kusan rabin mutanen yammacin Lahadi ke nan. Iyaye maza ta baya, don nan motoci suke, iyaye mata ta gaba. Wani lauya ma, in ji ta, shi yake turo su.

"A gidana?" in ji Smiljana. "Na ɗauka wurin wasa na buɗe, ashe tasha ce."

"Ai na ce ki cire sarƙar."

"Kin ce. Ba ki ce don me ba."

Ta ƙi cirewa. Ran yaro ya fi mata jin kunyar manya, haka ta faɗa, kuma da gaskiyarta. Amma Smiljana ba ta iya tsayawa a kan gaskiya ba tare da ta ɗora mata huɗuba ba. Ta shiga faɗa a kan yaran yanzu da ba su iya haƙuri ba, miya ta yi gishiri sai kotu. Ita shekara talatin ta yi da marigayi mijinta, da shan giyarsa da munsharinsa. Ta ce a dubi ɗanta Predrag da matarsa Tijana, shi aikin dare, ita aikin asibiti, da ƙyar suke ganin juna, amma ga gidansu nan lafiya lau. Radmila ta ɗauki tsumma ta shiga goge injin da ta riga ta goge.

Ana cikin haka ƙofar gaba ta buɗe, sai ga Tijana ɗin da kanta tana kakkaɓe lema. Da ta ga surukarta sai ta tsaya cak.

"Mama, yau ba ki je ƙauye ba?"

Smiljana ta yi murna, ta sumbace ta a kumatu sau uku yadda aka saba, ta tambayi jikarta Iskra. Tijana ta ce tana tare da babanta. Smiljana ta zaunar da ita, ta kawo mata kofi da yankan burek, wato gasasshiyar wainar fulawa mai cuku, ta zauna ta kwashe labarin abin kunyar da ta gani yanzu ta ba ta, har da kwaikwayon muryar matar. Tijana ta riƙe kofin da hannu biyu, ba ta kai shi baki ba. Da aka zo kan sarƙar sai ta ɗago ta dubi Radmila.

Aka buga gilashin baya.

Smiljana ta tashi tana mita, ta zagaya kejin, hannunta ya riga ya ɗagu zai yi alamar a zagaya. Predrag ne. Yana riƙe da Iskra da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana jan ƙaramin akwati mai taya, wanda Smiljana da kanta ta saya wa yarinyar don tafiya bakin teku. Kan 'yar tsanar da Iskra ba ta barci sai da ita ya leƙo ta bakin akwatin. Da Predrag ya ga uwarsa, hannun da ya ɗaga zai sake bugawa ya tsaya a iska.

Ta dubi akwatin, ta dubi ɗanta. Babu wanda ke ɗaukar 'yar tsanar barci don zuwa wasan awa ɗaya. Duk maganganun da ta gama yi a gaban Radmila, da waɗanda ta yi a gaban Tijana, suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya, kunya da firgici suka haɗu suka rufe ta.

Ta bar shi a waje ta koma gaba. Tijana ta riga ta miƙe tsaye.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan bikin Ista, Mama."

Tun bayan Ista. To ai watan jiya, ranar bikin waliyyin gidansu, su biyun sun zo tare, sun zauna kafaɗa da kafaɗa, sun kama gurasar bikin tare da kowa ana juyawa, Predrag har yana zuba mata miya. Tijana ta ce a bakin bene suka haɗu ranar, a bakin bene kuma suka rabu. Sun so su faɗa mata, amma ga hawan jininta, ga maganar da take yi kullum a kan masu rabuwa. Babu duka, babu wata mace, in ji ta. Kawai sun kai inda in suna ɗaki ɗaya sai sun faɗa wa juna abin da ba ya gogewa, kuma Iskra tana ji.

Smiljana ta juya ga Radmila. Radmila ta ce ita ba ta da bakin faɗa, Predrag ne ya roƙe ta ta rufa masa asiri.

Nan take Smiljana ta yanke shawara, kamar yadda ta saba. Makulli yana aljihunta, ɗanta yana waje cikin sanyi, hanya ɗaya ce ta shigowa. Zai zagayo, zai zauna a teburin nan gaban matarsa, ita kuma za ta zauna a tsakiya ta gyara abin da suka ɓata. Ta taɓa raba su faɗa suna saurayi da budurwa, ta san ta inda ake kama kowannensu. A ranta ta ga kamar Allah ne ya sa ta sayi sarƙar nan. Ta ce wa Tijana ta zauna kada ta motsa, Tijana kuwa ta zauna, don har yanzu ba ta iya yi mata musu ba.

Ta koma baya, ta tura ƙofar iya inda sarƙar ta bari. Iska mai sanyi ta shigo ta 'yar kafar.

"Zagayo ta gaba."

"Mama, don Allah ki buɗe. Gobe zan zo gida mu yi magana, komai zan faɗa miki."

"Na ce ka zagayo. Matarka tana zaune."

Ya sunkuyar da kai, ruwa na ɗiga daga gashinsa. Ta san shi, wani minti ɗaya zai bi umarninta. Sai Iskra ta saki hannunsa, ta matso ta kafa fuskarta a kafar, hancinta ya yi ja.

"Kaka, ki buɗe mana."

"Ku zagayo, 'yar gidana, ga Mama can da burek."

"A'a." Yarinyar ta rage murya kamar mai faɗin sirri. "In Baba ya zagayo, su biyu za su tsaya, sai na zaɓi wanda zan riƙe wa hannu. A nan ba sai na zaɓa ba."

Shekarunta shida. Ta faɗi maganar ne yadda yaro zai ce miya ta yi zafi, tana jiran babba ya gane. Smiljana ta tsaya riƙe da ƙofar. Duk abin da ta shirya faɗa a teburin can ya tsere mata. Abin da ta ji kawai shi ne tausayi, irin mai ciwo, da tsoron abin da ta kusa sa yarinyar nan ta yi a gabanta.

Sai da ta kuskure ramin kwaɗon kafin makullin ya shiga. Sarƙar ta zube ƙasa. Iskra ta shigo, ta zauna a benci, babanta ya durƙusa ya zare mata takalma. Ta rungume wuyansa, ta ce sai Juma'a, ta shige ramin kejin da rarrafe ba ta waiwayo ba.

Predrag ya miƙe, ya tsaya gaban uwarsa da baki a buɗe yana neman ta inda zai fara.

"Tafi," in ji ta. "Tana jiran ka tafi."

Ita ta riƙe masa ƙofar har ya fita. Ta tsaya tana kallonsa ya ratsa tsakanin motoci, kafaɗunsa a ɗage saboda sanyi, har fitilun motarsa suka juya suka ɓace. Daga can gaba ta ji muryar Iskra tana kiran Mama da murna, da muryar nan dai da ta yi wa babanta sallama.

Maganar yaron Laraba tana nan, ƙofa kuma ba za ta tsare kanta ba. Smiljana ta jawo wata ƙaramar kujerar roba ta yara, ja, ta ajiye ta a bakin ƙofar ta zauna, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Tunda ta buɗe wurin nan ba ta taɓa zama a wannan gefen ba. Daga nan ba a ganin komai na gaba, sai raga da katifu da ƙafafun yara masu wucewa.

Wata mota ta tsaya a waje. Wani mutum ya fito, ya buɗe ƙofar motar ta baya, ya sauko da yaro da jakarsa. Smiljana ta share fuska da gefen rigar aikinta, ta miƙe ta buɗe masa tun kafin ya buga.