Dabinon Aljeriya

"Ni dai har yanzu ban ga abin dariya ba," in ji Zuliha. Ta tura wayar salular tsakiyar tabarma da bayan hannu, kamar mai ture kwanon da ƙuda ya faɗa ciki.

Maman Lawali, mai salular, ta ce ai da ma wadda hawan jini ya kama komai baƙi take gani. Ita kam ta kalli bidiyon nan tun jiya har hawaye suka jiƙa mata lulluɓi, jikokinta ma sun haddace shi. Zuliha ta ce jikokin Maman Lawali ko akuya suka ga ta yi atishawa dariya suke. Aka fara ɗaga murya, sai da Hajiya Atika, mai gidan, ta buga cokali a gefen faranti.

Ga yadda abin yake. Kowace Juma'a bayan la'asar tsofaffin matan foyandi, ƙungiyarsu ta zumunci, suna haɗuwa a falon Hajiya Atika a unguwar Zariya cikin Maradi, don ita ce mai panon sola bisa rufi, ko an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, fanka na juyawa. Da can zancen biki da anko ke tara su. Yanzu kowace sai ta zo da abin da ta kalla a sati, a miƙa salula hannu-hannu, kuma dokar Hajiya ɗaya ce: duk wadda ta kalla sai ta faɗi ra'ayinta, da dalili. Wadda ta ce "ya yi kyau" ta ja bakinta, ita za ta wanke kofunan shayi.

Ranar ma lafiya lau aka fara. An yi wa fim ɗin Indiya na tele tatas, wanda matar ta faɗa rijiya ta dawo da wata fuska, mijin bai gane ta ba. Hajiya ta ce namijin da bai gane muryar matarsa ba da ma bai taɓa sauraron ta ba. An kalli wata yarinya mai koya girki, aka yarda cewa man da ta zuba a miya ɗaya zai soya ƙosan unguwa, kuma mai farce irin nata ba ta taɓa riƙe taɓarya ba. Zuliha da kanta ta fi kowa zuba, don a wajen tsiya ba a bar ta baya ba.

Sai Maman Lawali ta fiddo nata, tana cewa wannan na gida ne, na Shamsu ɗan Fasuma, wanda ke haɗa ƴan wasanninsa na barkwanci a Tibiri yana sawa a yanar gizo. Fasuma da ke zaune cikinsu, wadda in aka ambaci ɗanta sai ta gyara zama, ranar sai ta duƙa tana neman wani abu a jakarta.

Wasan gajere ne. Wani ƙato ya ɗaura zane da kallabi ya zama tsohuwa. Tsohuwar tana bin gidaje tana cika baki wai ɗanta yana Aljeriya, aiki ya yi masa yawa ko waya ba ya samun yi. Sai a nuna ta a kasuwa ta rufe fuska tana sayen dabino, ta juye shi cikin wata jaka mai rubutun Larabci, ta dawo tana rabawa wai tsarabar ɗanta ce. A ƙarshe a nuna ɗan, kwance ƙarƙashin mangwaro a Jiratawa, baki buɗe, ƙuda na shiga suna fita.

Matan suka yi ta dariya har Hajiya ta sarƙe da shayi. Zuliha kuwa tun wajen jakar nan mai rubutun Larabci ta kau da idonta daga salular.

Ɗanta Gado ya tafi Aljeriya da gaske, kuma duk unguwarsu ta Sabon Gari babu gidan da bai ji labari daga bakinta ba. Abin da ba a ji ba shi ne bara aka kwashe su shi da wasu cikin kamiyo, babbar motar kaya, aka zube su bakin iyaka, ya iso Maradi daga shi sai rigar jikinsa. Kunya ta hana shi zama unguwa. Ya wuce Jiratawa yana aikin lambu a garkar wani, ya roƙi uwarsa kada ta faɗa wa kowa sai ya samu abin da zai shigo gari da shi. Ita kuma da ƙawaye suka dame ta da ina tsaraba, sai ta je Babbar Kasuwa ta sayi dabino, ta juye shi cikin jaka mai rubutun Larabci. Mutum ɗaya ta raka ta, ta tsaya mata gadi bakin rumfa kada idon sani ya gani. Fasuma ce, wadda suka yi ƴanmatanci tare, wadda ta riƙe ta ranar da ta haifi Gadon.

Dabinon yau ma yana nan a faranti tsakiyar tabarma. Zuliha ce ta kawo shi, kuma kowace ta ci ta sa wa Gado albarka.

Ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta kalli farantin. Ashe ba su haɗa ba. A Maradi uwayen da ɗiyansu ke waje sun fi a ƙirga, kuma ƙaton nan bai yi kama da ita ba ko kaɗan. Abin da ya rage mata kawai ta ce ya yi kyau, ta tashi ta wanke kofuna, asirinta ya koma gida a rufe. Amma Zuliha tun da aka kafa zaman nan ba ta taɓa wanke kofi ba, kuma bakin da ya saba ba ya jin birki.

Hajiya ta ce to an ji bai ba ta dariya ba, saura dalili.

Zuliha ta ce na farko, namiji ya ɗaura zane ba tarbiyya ba ce. Maman Lawali ta tuna mata cewa satin da ya wuce wani ya ɗaura zane har da jan baki, ita ce ta sa aka maimaita shi. Zuliha ta ce to hoton yana rawa, murya ba ta fita. Aka ce a kunnenta ne. Ta ce tsohuwar ba ta yi wa kowa sata ba, dabino ta ba mutane suka ci, mene ne na tozarta ta. Maman Lawali ta ce ai ba tsohuwar ce abin haushi ba, ɗan ne. Ƙato kamar sa, uwarsa na ƙarya dominsa, shi yana kwance yana ciyar da ƙudaje. Ta ce ita da ta haifi irinsa gara ta ce ya mutu.

"Ƙarya ne," in ji Zuliha. "Wane kwance? Tun asuba yana cikin ruwan kanal har gwiwa. Ki je ki ga ƙafafunsa yadda suka tsattsage, ko takalmi ba ya shiga. Kuma babu wani mangwaro a garkar, zogale ne, ko inuwar zama babu."

Maman Lawali tana da ƙwallon dabino a baki, ta rasa ta tofar ko ta haɗiye. Hajiya Atika ta dubi farantin, ta dubi Zuliha, sannan ta sa yatsa ta ɗan matsar da shi gefe, a hankali, wai don kada a lura. Kowa ya lura.

Fasuma ta yi ƙoƙarin gyarawa. Ta ce ai Maman Gado haka take, in ta kalli fim sai ta shige ciki, ko na Indiyan ma tana ba matar shawara. Babu wadda ta taya ta dariya.

Zuliha ta juya gare ta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ta jakar mai rubutun Larabci a ina Shamsu ya gan ta.

"Wallahi ƙawa ban faɗi suna ba," in ji Fasuma. "Hira ce kawai muke a tsakar gida, na ce wata mata. Ban san zai ɗauka ba."

"Wata mata," in ji Zuliha. "Ni ce wata mata."

Hajiya ta shiga ba da baki, ta ce ai ba abin kunya ba ne, noma sana'a ce, yaro ya dawo da ransa a gode wa Allah. Maman Lawali ta samu ta fidda ƙwallon, ta ce ita ma ba da Gado take ba, da na cikin wasan take. Tausayin nan ya fi dariyar ciwo. Zuliha ta san kafin magariba labarin ya riga ta isa Sabon Gari, gobe kuma wata za ta hau adaidaita har Jiratawa wai sayen zogale ta je, don ta ga ƙafafun da idonta. Abu ɗaya yaron ya roƙe ta, kuma ba ma Fasuma ce ta ƙarasa tona asirin ba, bakinta ne da kanta.

Ta miƙe, gwiwa na ƙara. Ta ɗauki farantin ta juye sauran dabinon a cinyar Fasuma.

"Kai wa ɗanki. In zai yi kashi na biyu ya yi da na gaske."

Fasuma ta kama gefen lulluɓinta tana cewa ta tsaya su yi magana, don girman Allah. Zuliha ta fizge, ta zura takalmanta ba ta ko duba ƙafa ba. Ƙofar falon Hajiya ta ƙarfe ce, kullum Hajiya na roƙon a riƙa ja ta a hankali. Zuliha ta fita, ta kama ta da hannu biyu, ta maka ta.