Makunni na Shida

Kwalbar allurar tana cikin tafin hannunta, da ɗumi kamar ƙwan da aka zaro daga ƙarƙashin kaza, lokacin da Inna Balaraba ta tsaya a ƙofar shagon Dung mai wayarin wutar lantarki. Ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Kai Dung! Fito ka ga aikin hannunka!"

Dung ya ɗago daga kan wata fanka da ya buɗe wa ciki. Masu keke napep biyu da ke jiran fasinja a bakin titin Rikkos suka juyo. Mai shayi ya rage rediyo.

"Mama, lafiya? Shigo ki zauna."

"In zauna ka ƙarasa ni? Taɓa nan. Na ce taɓa! Shekara tara ina yi wa kaina allurar ciwon suga, maganina bai taɓa lalacewa ba sai da ka ja min wuta. Jiya a asibiti suka ce zafi ya kashe shi, ruwa kawai nake ta zuba wa jikina. Kwana uku firij ɗina a mace, maƙwabta kuwa talabijin har ya ishe ni. Ni ban yi boko ba, amma na san aikin ha'inci in na gan shi. Wallahi yau sai na kai ka gaban shugaban ƙungiyarku, ya karɓe katin da kake taƙama da shi."

Dung ya ajiye fankar. Ya goge hannu, ya ɗauki jakar kayan aiki, ya ce, "Mu je, Mama. In laifina ne, ni da kaina zan raka ki."

*

Gidan, marigayi Malam Isa ne ya gina shi da guminsa na haƙar kuza, a kan dutse, tun unguwar ba ta cika ba. A ɗakin gaba Inna ta haifi 'ya'yanta shida, biyu suka rayu. Da Malam ya rasu, ɗanta Nura ya ce zai gyara gida. Ya sa tayil, ya sa silin, sannan ya yi mata ɗaki ɗaya a baya, inda a da take ɗaure awaki.

"Inna, ki huta da hayaniyar yara," haka ya ce.

Ta yarda. Har shi masa albarka ta yi a gaban mutane. Ɗakin ba silin, kwano ne tsirara, in bazara ta yi kamar an kifa mata tukunya. Ba ta damu ba tunda ga firij ɗinta ƙarami a lungu yana gurnani.

Sai dai wutar ɗakin nan tana da hali irin na mai aljanu. Da safe ta ɗauke. Da hantsi ta dawo. Kafin la'asar ta sake ɗaukewa, sai magariba. Ta yi wa Nura ƙorafi ya fi a ƙirga, kullum amsa ɗaya: "Aikin masu wayarin ne, Inna, zan sa a duba." Wata biyar ke nan tana tsine wa Dung, a kan sallaya ma ba ta bar shi ba. Wannan makon Nura ya yi lodin dankali zuwa Kano, matarsa Salma ta kwashi yara ta tafi biki Tudun Wada, aka rufe gaban gida. Wutar ta tafi ke nan ba ta leƙo ba.

*

Sun tarar Salma ta dawo, tana soya albasa a kicin. Ta gaishe su, idonta ya sauka kan jakar Dung, murmushinta ya ɓace.

Dung ya fara da ɗakin baya. Ya buɗe soket, ya bi waya da ido har inda ta shige bango. Inna na biye da shi kamar mai gadin ɓarawo.

"Ka gano abin da ka ɓoye?"

"Tukuna, Mama."

Suka shiga gaban gida. A lungun da ke tsakanin falo da ɗakin Nura akwai farin akwati a bango, kusa da mita. Inna ba ta taɓa kula da shi ba. Dung ya ɗaga murfin. Ƙananan makunnai shida a jere, kowanne da ɗan rubutu a ƙarƙashi. Biyar suna sama. Na shida yana ƙasa.

"Wannan akwatin shi ke raba wuta," in ji Dung. "Falo, kicin, ɗakin oga, ɗakin yara, famfo. Na ƙarshen nan na rubuta masa Ɗakin Mama."

Ya tura shi sama da yatsa. Daga can baya firij ya yi tari, ya kama gurnani.

"To ka ga! Faɗuwa yake yi. Ruɓaɓɓe ka sa min."

"In akwai matsala a waya, da kansa yake faɗuwa, gaskiya ne. Bari mu gwada."

Ya je ya kunna komai na ɗakinta, ƙwan lantarki da fanka da firij, har ya roƙi dutsen guga ya ƙara. Suka tsaya suna kallon makunnin. Minti biyar. Goma. Ko motsi bai yi ba.

Dung ya matsa kusa da akwatin. Sannan ya haska fitilar wayarsa.

"Mama, ba sai an iya karatu ba. Matso ki duba da kanki."

Ta matso. Makunnai biyar ɗin sun yi ƙura, har da yanar gizo a kan na famfo. Na shida kuwa sumul yake, yana ƙyalli kamar ƙwayar carbi da ta sha yatsa. Samansa ya yi baƙi da dattin hannu. Ƙasansa, inda ake turawa a ɗaga, akwai ɗan jan maiƙo. Ta dangwala, ta kai hanci. Manja.

"Hannu biyu ne," Dung ya faɗa a hankali. "Wani yana saukewa. Wani yana ɗagawa."

Inna ta juya. Salma tana tsaye a bakin kicin, ludayi a hannu, hawaye har haɓa.

"Ke. Faɗa min."

"Inna, ki yafe min. In zai fita yake saukewa, wai firij ɗinki ke cinye katin mita. In ya yi nisa sai in ɗaga. Amma yana duba lambar mita in ya dawo, shi ya sa nake mayarwa kafin la'asar. Ranar da za mu tafi biki shi ya rufe gidan, ban samu na..."

Albasa ta fara ƙauri, ba wanda ya motsa.

Inna ta dubi Dung. "Kai ka san da wannan?"

"Ban san ana kashewa ba, Allah ya sani. Amma ranar aikin na ba oga zaɓi biyu. Na ce ko in kafa miki ƙaramin akwati a ɗakinki, makunninki a hannunki, ko in ja waya daga nasa. Na ce na farkon ya fi, tunda akwai magani a firij. Ya ce a ja daga nasa." Ya dubi akwatin. "Ya ce in sa naki a ƙarshe, inda hannu zai kai da sauƙi."

Matar da duk Rikkos ta san kaifin bakinta ta jingina da bango. Abin da ya faɗo mata a rai wai shi ne yatsun Nura yana jariri, yadda suke damƙe mata ɗan yatsa in tana ba shi nono, a wannan lungun, kafin a sa tayil.

"Ko yanzu zan iya kafa miki naki," in ji Dung. "Sai dai mita ɗaya ce. Sai da izininsa."

"Izini," ta maimaita. "A gidan Malam."

*

Ta raka Dung har shago, duk da ƙafarta na ja. Masu keke suna nan, mai shayi yana nan. Ta tsaya daidai inda ta tsaya da safe, ta ɗaga murya daidai yadda ta ɗaga.

"Ku ji, jama'a! Abin da na faɗa a kan yaron nan ƙarya ne. Aikinsa ba ha'inci. Wata biyar ina zaginsa a banza. Dung, ka yafe min."

"Haba Mama, ya wuce."

"To Inna, laifin wa ne?" mai shayi ya tambaya.

Ta gyara mayafi. Ta dubi titi, ta dubi ƙasa. Ta juya ta kama hanyar gida.

A bayan ɗaki ta tono tsohuwar randar da ta yi shekaru a kife. Ta wanke, ta zuba yashi, ta jiƙa shi da ruwa, ta naɗe sabuwar kwalbar allurar da aka ba ta a asibiti a leda, ta binne a tsakiya don ta sha sanyi. Ta sa hannu ta zare filogin firij daga bango. Ta aika wa Salma cewa ta mayar da makunnin yadda mijinta ya bar shi, kar a yi mata faɗa.

Ana kiran magariba ta ji tsayuwar mota, ta ji yara suna "Abba oyoyo". Ta ji takun Nura a kan tayil. Ya tsaya a lungu. Ƙas.

Ƙwan ɗakinta ya kama.

Can sai ga shi a bakin ƙofa, da ledar lemo a hannu, fuska a sake.

"Inna, sannu da gida. Kin ga an kawo wuta."

Tana zaune a kan sallaya, hannunta ɗaya a kan bakin randa mai sanyi. Ta daɗe tana kallon yatsunsa da ke riƙe da ledar.

"Na ji lokacin da aka kawo ta," ta ce.