Jaririyar Kantin Dala Ɗaya

Da aikin gida guda ɗaya Mis Hadley ta rusa min abin da na daɗe ina ginawa.

Shayna tana da shekara bakwai hukuma ta kawo mana riƙonta nan Toledo, kayanta a cikin baƙar ledar shara. Gidaje da yawa ta zaga kafin namu. Ni da matata Lurleen ba mu tone ta ba, ɗaki muka ba ta da abinci. "Mista Odell" take ce min, sai bara bakinta ya saki ta fara cewa Baba. A makaranta kowa ya ɗauka ni na haife ta, kuma haka take so.

Sai malamar ajinsu, Mis Hadley, ta ce kowane yaro ya kawo hotonsa yana jariri, a manna a bango, 'yan aji su canki mai shi. Wai don yara su san kansu. To wa ya taɓa ɗaukar Shayna hoto tana jaririya? Yarinya ba ta gaya mana ba. Ta je kantin dala ɗaya ta sayi firam ɗin hoto, ta zare hoton jaririyar da ake sayar da firam ɗin da shi, ta kai.

Wani yaro Brody ya gane, don uwarsa ta sayi irinsa.

"Jama'a, ashe a kantin dala ɗaya aka sayo Shayna!" Aji ya kwashe da dariya.

Da labari ya iso min, da safe na faka motata ta janwe a bakin makaranta, na shiga wajen malamar.

"Mista Odell, zauna mana. Ni ma ban ji daɗi ba. Amma duk shekara ina ba da aikin nan, yara suna sonsa."

"Yaran da ke da hoto ba. Ni ko sakandare ban gama ba, Malama, amma ba na jan mota sai na leƙa ko da mutum a ciki."

"Da ta gaya min ai da na canja mata."

"Ta gaya miki me? Abin da take ɓoyewa?"

Ta ce in kwantar da hankalina, za ta gyara. Na ce kar ta gyara komai, ta cire hotunan kawai ta ja bakinta.

Ba ta ji ba. Ranar ta zaunar da yara a ƙasa, ta yi musu bayani wai iyali kala-kala ne, Shayna 'yar riƙo ce, kowa ya tafa mata. Suka tafa kuwa. Har saƙo ta turo wa Lurleen wai an yi darasi mai kyau.

Da yamma muna cin abinci, Shayna ba ta ɗago kai ba.

"Mista Odell, miƙo min gishiri."

Na miƙa mata. Washegari Lurleen tana shara ta tarar da baƙar leda a ƙarƙashin gadon Shayna, yarinyar ta riga ta zuba kayanta a ciki.