Shaidar da Jamiu Ya Goge

Shanun da ke garken Issifu ba nasa ba ne, kuma duk unguwar Maamobi ta Accra an san haka. Na Alhaji Garuba ne, wani tsohon bafataken goro da ke zaune a Nima, wanda ya ba shi amanarsu tun shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Sharaɗin a fili yake: saniya da abin da ta haifa na Alhaji ne, nono da taki na mai kiwo. Da nonon ne Sanatu, matar Issifu, take yin wagashi, wato cuku, ta kai kasuwa. Da takin ne kuma ƴar gonarsu ta rogo da masara take rayuwa, domin jar ƙasar wurin ba ta ba da kome don Allah. A cinyar kowace saniya akwai shaidar Alhaji, zane uku kamar sawun kaza, da aka yi da ƙarfe mai zafi.

A daminar farko bayan samun ƴancin kai, mahaifiyar Issifu ta aiko daga Gambaga, can arewa, cewa tana son ganin fuskokin jikokinta kafin idonta ya ƙarasa mutuwa. Tafiyar ta fi ƙarfinsa, sai ya kira Jamiu mai hoto, wani Bayarabe da ke da shago a Zongo Lane, don a ɗauki hotonsu a aika mata.

Jamiu ya zo da hantsi a kan keke, da akwatin hotonsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Ya dubi Issifu sama da ƙasa, ya yi tsaki.

"Da wannan tsummar za ka tsaya? Tsohuwa ta gan ka ta ce Accra ta cinye ɗanta?"

Ya zaro babbar riga mai aiki da hula daga jakarsa, irin waɗanda yake ara wa masu zuwa shagonsa.

"Masta, riga ba nawa ba ne," in ji Issifu.

"Shanun ma ba naka ba ne, ga su nan a bayanka suna tuƙa. Sa riga, malam, rana tana gudu."

Sanatu ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Maigida, sa mana. Yau ɗaya dai in ga na auri alhaji."

Ya sa. Aka ɗauko kujera aka zaunar da shi, Sanatu a gefe da goyo, yara a tsugune a gaba, shanu a jere a bayan shinge sun ba da gefensu. Jamiu ya shige cikin ƙyallensa ya ce kada kowa ya yi numfashi.

Jamiu ba mugu ba ne. Abin da maigidansa ya koya masa a Ikko shi ne babu wanda yake son ganin aibinsa a takarda. Saboda haka kowane hoto, kafin ya wanke shi, sai ya ɗora gilashinsa a kan haske ya bi shi da fensir da tsinin wuƙa, ya share ƙuraje, ya cike tabo, ya miƙe tamoji. Da ya zo kan shanun sai ya ga wani tabo a cinyar ta gaba, ya ga irinsa a ta kusa da ita. Mutumin birni ne, bai taɓa kiwon ko akuya ba. Ya ɗauka tsohon ciwo ne, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge. Aikin ya yi masa kyau har ya wanke babba ya kafa a akwatin gilashin da ke ƙofar shagonsa.

A nan Alhaji Garuba ya gan shi ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Abokansa ne suka ja shi wurin.

"Alhaji, ashe ka yi kyauta ba mu ji ba? Zo ka ga yaronka ya zama mai garke."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon cinyoyin shanun nan.

Washegari ya iso gonar tare da wasu Fulani makiyaya, ya kuma sa an taho da Jamiu. Issifu ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Baba Alhaji, barka da zuwa. Lafiya kuwa?"

Alhaji ya miƙa masa hoton. "Nuna mini shaidata."

Issifu ya duba, ya sake dubawa. Sannan ya tashi da gudu ya kamo saniyar gaba ya juyo da cinyarta.

"Baba, ga shi! Wallahi yana nan. Ban taɓa shi ba. Saniya ɗaya bai ɓata ba, ka duba duka."

"Na ga tana nan, Issifu. Ban zo in ce ka yi sata ba."

"Alhaji, laifina ne," in ji Jamiu. "Na zaci gyambo ne. Shi bai ce in yi ba. Gilashin yana shago, yau ɗin nan in mayar da zanen yadda yake."

"Ka cire da fensir, ka mayar da fensir, jibi wani ya ce ka sake cirewa." Alhaji ya juya ga Issifu. "Ni tsoho ne, ga ciwon ƙirji. Ƴaƴana ƴan makaranta ne, ba su san saniya ɗaya a nan ba. Ranar da na kwanta dama, saniya sai a yanka, fata sai a jeme. Abin da zai rage shi ne wannan takarda: kai a kujera da babbar riga, shanu a bayanka babu shaidar kowa. An kai ɗaya Gambaga, ko ba a kai ba?"

"An kai, Baba."

"To, danginka sun gani. Kai mai amana ne, na sani. Ɗanka fa? Ƙanenka fa?"

Sanatu ta durƙusa da goyonta. "Baba Alhaji, don girman Allah. Nono ne abincin yaran nan."

Alhaji ya kau da kai. Idonsa ya kawo ruwa, amma ya ɗaga wa makiyayan hannu.

Suka buɗe shinge suka fara kora. Shanun suka ƙi. Suka cure wuri ɗaya suna huci, bijimin ya sunkuyar da ƙaho, maruƙa suna kuka. Aka yi duka, aka yi ihu, ba su san muryar kowa ba. Rana ta take. Daga ƙarshe Alhaji ya ce, ba tare da ya dube shi ba:

"Issifu, kira su. Ka kai su bakin hanyar Dodowa."

Issifu ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan ya ɗauki sandarsa ya fita gaba, ya yi musu kiran da yake yi kowace safiya. Suka ɗago kai, suka bi shi a jere cikin natsuwa, suka ratsa ta gefen masarar ba su taɓa ko ganye ba.