Fentin da Bawa Ya Shafa wa Farantin Alhaji

A Tsafe in ka ce sola, to Bawa ka kira. Shekara goma sha biyar yana wannan aiki, tun lokacin da farantin sola ɗan ƙarami ne shuɗi, ka rungume shi a hammata ka hau babur. Lokacin sai gidan mai hali ake ganinsa. Bawa bai yi boko ba, kuma bai taɓa karanta takardar da ke zuwa cikin kwali ba. Yakan ce hannunsa ya fi takarda sani.

Yana da wata ƙa'ida da kowa ya san shi da ita. In ya kafa faranti, sai ya shafe bayansa da baƙin fenti kaf, ya rubuta sunan mai shi da fari, sannan ya yi waldar kwano ya rufe. Ɓarawo ko ya cire, ina zai kai abin da ke ɗauke da sunan wani? Daga Bilbis har Wanke ba a taɓa sace farantin da Bawa ya kafa ba, kuma da wannan yake taƙama.

Ranar nan Alhaji Tambaya, wani manomin rani a fadamar Kwatarkwashi, ya aiko masa. Fetur ya ishe shi, ya sayar da injin ban ruwansa, yana son famfo mai sola. Albasarsa fangali sittin, an riga an dasa.

"Bawa, albasa ba ta jiran mutum," in ji Alhaji. "Ruwa ya kai min har fangalin ƙarshe, shi ke nan buƙatata."

"In bai kai ba, Alhaji, ka canza min suna."

Washegari ya shiga Gusau sayen kaya. Ya kwana biyu bai leƙa kasuwar ba, aike yake yi. Yana shiga layin masu sola ya ja ya tsaya. Shagunan da ya sani uku ne, yanzu layi guda ne har ƙarshensa. Farantai jingine da bango, baƙaƙe wuluk, kowane ya fi shi tsawo. Har mai shayin bakin titi ya kafa nasa bisa rumfa.

Ya shiga shagon wata mata mai suna Comfort. Ya juya faranti ɗaya, sai ya ga bayan ma gilashi ne, har yana hango yatsunsa ta tsakanin layukan.

"Madam, wannan ba su gama ƙera shi ba. Ina bayansa?"

Ta yi dariya. "Baba, sabon yayi ke nan. Fuska biyu gare shi. Yana shan rana ta gaba, yana shan hasken da ƙasa ta maido ta baya. Ka ɗaga shi sama, ka bar bayan a buɗe iska na shiga. Da shida irin wannan famfonka zai wadatu."

"Ni za ki koya wa sola? Ina wannan aiki kina goye."

"To Baba, Allah ya ba da sa'a. Amma dai kar ka rufe bayan."

Ya loda shida a mota ya nufi Kwatarkwashi. Kwana biyu yana aiki. Ya shafe bayan kowane da fenti har hawa biyu, don gilashin yana ƙin kamawa. Ya rubuta ALH. TAMBAYA da manyan baƙaƙe, ya rufe da kwano, ya kafa su ƙasa-ƙasa yadda iska ba za ta ɗauka ba. Aka kunna, ruwa ya zubo, Alhaji ya yi hamdala.

Kwana tara sai ga waya.

"Bawa, zo ka ga aikinka."

Ya iske Alhaji tsaye a ƙarshen gona, hannu a baya. Famfo ba ya tashi sai hantsi ya dubi ludayi, da rana ta take kuma farantan su yi zafi kamar tanda, ruwan ya koma tsirit. Fangali arba'in sun sha. Ashirin na ƙarshe ƙasa ta tsage, ganyen albasa ya kwanta ya yi rawaya.

Bawa ya duba wayar wuta, ya duba famfo, ya busa tiyo. Komai daidai.

"Kayan ne na banza, Alhaji. Kayan yanzu duk haka suke. Matar nan ta cuce mu."

Alhaji ya nuna masa tsallaken rafi da haɓa. Can akwai Adamu, wani Bafulatani da ya zauna da shanunsa yana ɗan taɓa noma. Ruwa ne ke feshi daga tiyonsa kamar an fasa madatsa.

Bawa ya naɗe wando ya tsallaka. Abin da ya gani ya sa ya kama baki. Faranti shida ne, irin nasa sak, famfon ma iri ɗaya. Amma an ɗora su kan gwafanni sama da kan mutum, an ɗaure da igiya, bayansu tsirara, ƙasansu farin yashin rafi yana ƙyalli.

"Wa ya kafa maka wannan shirmen?"

"Ni na kafa abina," in ji Adamu. "Na ɗaga don kar shanu su taka. Fenti ko ban da shi. Mi ya faru, Malam? Ko na ɓata?"

Bawa ya shiga ƙarƙashi ya ɗaga kai. Haske ne ke dukan bayan gilashin daga yashi, iska na ratsawa. Ya taɓa, ɗumi kaɗan. Nasa kuwa ɗazu sai da ya janye hannu.

"Innalillahi," ya ce. Ya sake cewa, "Innalillahi." Mutumin da bai san jar waya da baƙa ba, da gwafa da igiyar shanu, ya fi shi. Kuma da hannunsa ya toshe wa farantin Alhaji ido ɗaya, har hawa biyu.

Ya dawo ya tsaya gaban Alhaji, ya cire hula.

"Ba kaya ba ne. Ni ne. An gaya min, ban ji ba."

"To yanzu fa?"

"A ba ni reza da kananzir."

Ya yanke waldar da kansa. Kwana biyu yana durƙushe yana kankare fenti, harafi bayan harafi, har sunan Alhaji ya fita, yatsunsa duk sun tsage. Ya ari gwafanni wurin Adamu, suka ɗaga farantan, ya kwaso farin yashi a buhu ya shimfiɗa a ƙarƙashinsu. A rana ta uku ruwa ya kai fangalin ƙarshe tun kafin azahar. Cikin fangali ashirin ɗin, takwas sun farfaɗo. Goma sha biyu sun riga sun mutu, Alhaji ya sa aka nome su.

"Ɓarayi fa?" in ji Alhaji. "Yanzu ba suna."

"Zan huda shi a jikin ƙarfen gefe. Sunana kuma da na ce ka canza, ga ni."

"Bar shi. Amma wani maƙwabcina da ya ce in turo ka ka kafa masa, ya ce ya fasa. Adamu zai kira."

Ranar kasuwa Bawa ya koma Gusau. Ya iske Comfort tana nuna wa wasu wani faranti mai laushi, tana naɗe shi kamar tabarma. Ya daɗe yana kallo baki buɗe. Sannan ya ja benci ya zauna.

"Madam, takardar nan ta cikin kwali. Karanta min ita tun daga farko, kar ki tsallake komai."