Bishiyar da Ake Binnewa da Ranta

Ƙarar ta fara ne bayan Mirsad ya kashe talabijin. Wani kuka ne siriri, ƙiii, sai ya tsaya, sai a ji tim, sai kuma ƙiii. Ba kyanwa ba ce, ba kuma ƙofa ba. Mirsad ya zauna a bakin gado da safa ɗaya a ƙafa yana saurare. Shi dama mutum ne mai son abin da ba a gane ba. Nan da nan ya raya a ransa cewa wata agwagwar daji ce ta ɓace wa 'yan'uwanta a hanyarsu ta kudu, ta sauka a unguwar. Ya gutsuro mata burodi, ya fita ta ƙofar baya.

A bayan shinge ya tarar da maƙwabcinsa Gaetano cikin rigar barci, yana jan tulun iskar da likita ya ɗaura masa. Tayar keken tulun ce ke kuka. Tim ɗin kuwa shebur ne, wanda tsohon ke ɗagawa ya saki a gindin bishiyar ɓaurensa, ƙasa ko ɓarewa ba ta yi.

"Ashe kai ne agwagwar," in ji Mirsad.

"Wace agwagwa? Koma ka kwanta, baƙon jiya."

Mirsad ya yi furfura a garin Utica na Amurka, amma a wurin Gaetano har yanzu baƙon jiya ne. Shi Gaetano yana yaro ya sauka daga jirgin ruwa, ubansa riƙe da hannunsa, da wani reshen ɓaure daga yankinsu Kalabriya na Italiya ɓoye a hannun kwat. Reshen nan ne ya zama bishiyar. Ba ta iya sanyin ƙasar nan ba, don haka duk ƙarshen kaka sai an ɗaure rassanta, a haƙa dogon rami a gefenta, a kwantar da ita ciki a rufe, sai ɗumi ya dawo a tashe ta.

"Rediyo ya ce ƙasa za ta daskare ranar Asabar," Gaetano ya faɗa yana haki. "In sanyin ya sami bishiyar a tsaye, shi ke nan."

Mirsad ya dubi shebur ɗin. Tun da ya baro ƙasarsu Bosniya, da yaƙinta da kaburburanta, bai sake riƙe irinsa ba, ko ƙanƙarar ƙofar gidansa 'yarsa ce ke sa a kwashe. Bai taɓa faɗin dalili ba, Gaetano kuma bai taɓa tambaya ba, kowace shekara tsohon shi kaɗai yake haƙa raminsa.

"Ba ni," in ji Mirsad. "Amma sai da safe. Ni ba na haƙa cikin duhu."

Da gari ya waye aka fito wa Gaetano da kujera da bargo. Mirsad ya fara haƙa. Sai da ƙanshin danyar ƙasa ya cika masa hanci, ya ga tsutsotsi da saiwoyi kawai ke fitowa, sannan ƙirjinsa ya sake. Ramin ya kai tsawon mutum lokacin da Paw Wah ta leƙo ta ɗaya shingen. 'Yar ƙabilar Karen ce daga ƙasar Bama ta can gabas mai nisa, tana aikin jinya a gidan tsofaffi, ba ta daɗe da tarewa a layin ba. Ta dubi ramin, ta dubi tsohon da ke kwance a kujera idanu rufe, ta saki kwandon wankinta.

"Baba Mirsad! Ba ka tsoron Allah? Mutum yana numfashi kana haƙa masa?"

Gaetano ya buɗe ido ɗaya. "Gaya masa, 'yata. Tun da ya zo ƙasar nan yake hangen filina."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe tsohon. Da aka yi mata bayani, Paw Wah ta tsallako, ta karɓi igiya ta ɗaure rassan kamar yadda ake ɗaure gora a garinsu, tam, babu wanda ya karye.

"Ni dai na ɗaga hannu a gaban alƙali na yi rantsuwa, na zama ɗan ƙasa," Gaetano ya ce yana nuna bishiyar da leɓe. "Ita ta ƙi. Duk shekarun nan tana cin ƙasarsu, tana shan ruwansu, amma sanyinsu ta ce ba da ita ba."

"Kai ma ai haka kake," in ji Mirsad. "Har yau ba ka yarda abin da suke sayarwa a gwangwani tumatir ne ba."

Da rana Dennis, ɗan Gaetano, ya iso daga Texas a motar haya, da takalmi mai sheƙi. Ko kalma ɗaya ba ya ji a yaren ubansa, domin Gaetano da kansa ya hana a yi shi a gidan, wai don yaron ya tashi Ba'amurke sak. Dennis ya tsaya a bakin ramin, hannu a aljihu.

"Baba, don Allah mene ne wannan kuma? Ɓaure fa ana sayar da shi a kanti. Gidan ma ka san sayarwa za a yi."

"Na sani. Zo ka danna nan."

"Baba…"

"Ka danna, na ce, kai mai ƙiba. Waɗannan biyun ba su da nauyi."

Dennis ya tuɓe kwat. Mirsad ya sare saiwoyin ɓangare ɗaya, su ukun suka jingina da bishiyar. Ta yi wani nishi daga can ƙasa, ta sunkuya a hankali kamar tsohuwa za ta hau gado, ta kwanta. Suka rufe ta da katako da tsohon kafet da busassun ganye, suka mayar da ƙasa. Takalmin Dennis ya lalace.

Ranar Asabar ƙasa ta daskare. Gaetano bai ƙara fita ba. Aka juya masa gado ya fuskanci taga, Mirsad na zuwa kullum da la'asar ya zauna.

"Kai mai yawan tunanin banza," Gaetano ya ce wata rana, muryarsa ta zama kamar iska a takarda, "me kake ganin take yi a ciki?"

Mirsad ya daɗe yana wannan tunanin, amsarsa a shirye take. "Mafarki. Tana ganin wani tudu mai duwatsu, da jaki, da rana mai zafi. Ba ta taɓa zuwa ba, amma tana gani."

"Jaki," in ji Gaetano. Ya yi murmushi. "Akwai jaki kam." Can ya kama hannun Mirsad. "Kada a tashe ta sai furen rawaya na bakin shinge ya fito. In aka yi gaggawa sanyi ya kashe ta. In aka makara ta ruɓe."

Ya rasu ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, Paw Wah na shafa masa mai a ƙafa. A coci wurin jana'iza, tsofaffin Italiyawan da suka rage ba su cika benci biyu ba. Paw Wah ta kawo shinkafa, Mirsad ya kawo nannaɗaɗɗen burodi mai nama irin na garinsu. Dennis ya rungume su, ya yi kuka, ya koma Texas.

Kafin hunturu ya raba tsakiya gidan ya sami masu shi, wani magidanci daga Kwango da matarsa da yara, sababbin zuwa, Turancinsu bai wuce gaisuwa ba. Wata safiya Mirsad ya hango mutumin a bayan gida yana auna filin da taku, yana nuna wa matarsa inda mota za ta tsaya, daidai kan tudun ƙasar da bishiyar ke kwance a ciki.

Mirsad ya sa hula ya zagaya. Ya nuna tudun. Ya miƙe tsaye ya baza hannuwa kamar rassa, ya karkata a hankali har ya kwanta a kan ƙanƙara, ya rufe ido. Sannan ya tashi da ƙyar, ya sake baza hannuwa, ya tsinko wani abu daga iska ya sa a baki, ya lumshe ido don daɗi. Yaran suka fashe da dariya. Mutumin ya yi ta gyaɗa kai cikin ladabi, ya kakkaɓe masa ƙanƙara daga kafaɗa, matar ta kawo masa shayi mai zafi.

Da ya dawo, Paw Wah na tsaye a shinge da kayan aikinta, ta ga komai. Yaran sun hau tudun, ɗaya bayan ɗaya suna baza hannuwa suna faɗuwa, sawun ƙananan takalmansu ya cika shi. Dusar ta fara sauka kuma, a hankali.

"Baba Mirsad," ta ce, "kana ganin mutumin ya gane kuwa?"